An ba ni gadon jariri mai jingina da na uwa, amma babu igiyoyinsa: in yi amfani da shi?

Sadiya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema, don Allah wadda ta sani ta faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Cikina ya shiga wata takwas, kuma na fari ne. Likita ya ce yadda yaron ya kwanta, da alama sai an yi tiyata. Da yayar maigidana ta ji haka, sai ta aiko mini da ɗan gadon nan na jarirai mai naɗewa, wanda ake sauke gefe ɗaya a jingina shi da gadon uwa, don kada in riƙa tashi da ɗinki a jikina. Yara biyu ta raina a cikinsa. Ƙarafansa lafiya lau, ragar ma ba ta yage ba. Abu uku ne suka tsaya mini a rai. Katifar ta lotsa a tsakiya. Takardar bayaninsa babu. Sannan a ƙasansa na ga wasu 'yan kunnuwa biyu kamar wurin zura igiya, igiyar kuwa babu ita. Na tambaye ta, ta ce tuni ta ɓace, ita ma ba ta taɓa ɗaurawa ba, tura shi kawai take yi ya manne da gadonta.

To in yi amfani da shi a haka? In kuma sabo ya kamata mu nema, me zan duba? Ba na so in ɓata wa baiwar Allah rai, da zuciya ɗaya ta ba ni.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sauke ki lafiya ƙanwata. Ina roƙonki, kada ki sauke gefen nan matuƙar babu igiya. Ba labari aka ba ni ba, a kaina ya faru.

Nawa sabo muka saya, da igiyoyinsa, irin na da wanda gefensa ke sauka gaba ɗaya. Kullum da safe nakan ɓalle igiya ɗaya in ja shi gefe in gyara shimfiɗa, da dare in mayar. Wani dare gajiya ta sa na maƙala igiyar ban ja ta ta tsuke ba. Hanif yana da wata uku da 'yan kwanaki. Wajen ƙarfe uku na ji wani ɗan gurnani, ba kuka ba, kamar na wanda aka toshe wa baki. Na haska waya. Gadon ya ja baya kamar faɗin yatsu huɗu, yaro ya matso har baki, hannunsa na dama ya zurma cikin ratar har kafaɗa, kuncinsa a manne da gefen katifata. Ƙofar hanci ɗaya ce kawai a waje. Na fizgo shi, ya tsala kuka, ni kuma na zauna riƙe da shi jikina yana rawa har asuba.

Ba kowa ya ture gadon ba, motsina ne. Duk juyin da na yi sai katifata ta ɗan tura shi, kaɗan-kaɗan, ga shi da tayoyi. Da igiya ma kenan, balle babu.

Bilki:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maman Hanif, tsigar jikina ta tashi. Allah Ya ƙara tsare mana su. Ni ma turawa kawai nake yi wallahi, ban ɗauka igiyar tana da wani muhimmanci ba.

Sista Rabi:
Sadiya, sannu da ƙoƙari, kin yi daidai da kika tambaya tun kafin ki haihu. Ni ungozoma ce, kuma abin da Maman Hanif ta faɗa shi ne ainihin haɗarin irin wannan gado.

Gadon kansa abu ne mai kyau. Kwana ɗaki ɗaya da jariri, shi a shimfiɗarsa ke a taki, yana rage haɗarin mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, wadda likitoci ke kira SIDS. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ragin na iya kaiwa rabi, kuma ta ba da shawarar a yi haka aƙalla wata 6 na farko. Inda gizo ke saƙa shi ne mahaɗar gadajen biyu. Kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. In ya zurma cikin rata ba shi da dabarar ja da baya, gefen katifar manya kuma laushi gare shi, fuska tana nutsewa a ciki. Gargaɗin da ake liƙawa a jikin waɗannan gadaje a Amurka cewa yake yi kada ratar ta wuce rabin inci, wato milimita 13. Ƙaramin yatsanki ma da ƙyar zai shiga. Kuma kada wani ya ce miki a cusa tawul ko filo a cike gurbin, wannan musanya rami da abin toshe hanci ne kawai.

Sai batun tsayi. A Turai an sabunta ƙa'idar waɗannan gadaje a 2019, lambarta EN 1130: ko an sauke gefen, dole a bar ɗan shinge mai tsayin santimita 12 tsakanin jariri da gadon uwa. Amma shingen ba a barinsa tsaye a sarari. Saman katifarki ya zo daidai da bakinsa ko ya ɗan ɗara shi, yadda babu wani baki da yaro zai rataya wuya a kai. A 2015 a Ingila wata jaririya 'yar mako 7 ta rasu a irin wannan gado, an bar gefen a naɗe rabi, wuyanta ya hau kan bakin.

Saboda haka amsata ita ce: babu igiya, babu sauke gefe. In makullansa suna kamawa, ki ɗaga duk gefe huɗu ki yi amfani da shi a matsayin gado mai zaman kansa kusa da naki. Katifar nan kuma a canza ta, ba na yi miki sassauci a kanta. Lotsawar tsakiya rami ce da za ta riƙe fuskar yaro in ya juya. Ki danna sabuwar da tafin hannu, in shatin hannunki ya zauna, ba ta yi ba.

Bilki:
Sista, to ba sai a kai wa tela ya ɗinka igiya mai ƙarfi ba? Ai igiya igiya ce. Ni a ganina bai kamata a ajiye gado lafiyayye saboda ɗan ƙyalle ba.

Baban Amira:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki a nan, don ni na haɗa namu sau biyu, na Amira da na ƙaninta.

Malama Bilki, ba ƙyallen ne abin dubawa ba, kan bel ɗin ne. Bel ne mai faɗi kamar na jakar baya. Yana fita daga ƙasan ɗan gadon, ya bi ta ƙarƙashin katifar manya ko ya zagaye katakon gado, ya je ya kama a ɗaya gefen. Kansa yana da haƙora, duk yadda aka ja shi ƙara cizo yake yi. Ƙulli kuwa sassautawa yake yi a hankali ba ki sani ba, sai dai ki ga aiki, kamar yadda Maman Hanif ta gani.

Malama Sadiya, ki ɗaga katifar ko ki kifa gadon. Za ki ga wata 'yar takarda a liƙe ko a ɗinke, da sunan kamfani da lambar samfurin, wani lokaci har da shekarar da aka ƙera shi. Ki rubuta su a intanet. Sau da yawa za ki samu littafin bayanin, ki ga ko kamfanin yana sayar da bel ɗin shi kaɗai, ki kuma ga ko an taɓa janye wannan samfurin daga kasuwa saboda wani lahani. Wannan na ƙarshen ma ya fi komai a wurina in kayan hannu ne.

In an ɗaura, gwaji biyu nake yi. Na farko in kama ɗan gadon da hannu biyu in ja shi da ƙarfi kamar zan raba su. Na biyu in kwanta a bakin gadonmu in yi juyi, maman yara tana kallon mahaɗar, don katifa in ta ɗauki nauyin mutum sauka take yi ta canza siffa. Abin da ya manne da rana babu kowa a kai, yana iya buɗewa da dare. Na farkon kuma kowane dare ne, ba sau ɗaya ba.

Bilki:
Na fahimta Baban Amira, Allah Ya saka da alheri. Yau zan nemo nawa, suna cikin kwalin da ya zo a ciki ban ko kwance ledar ba.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, tun ɗazu ina karanta ku. Maganar igiya ba ni da ja, hankali ma ya ba da ita. Amma akwai abin da ke damuna. Duk hotunan gadajen nan da nake gani, an shimfiɗe jariri rigingine, ba filo ba komai, kamar an ajiye shi a kan tebur. Bakwai na haifa, jikoki sun haura goma, ban taɓa kwantar da ɗanyen jariri rigingine ba. In ya yi tumbiɗi fa? Ba komawa zai yi ya ƙware shi ba? A gefe nake kwantar da su, in naɗe zani in tokare bayansu, kuma ga su nan duk Allah Ya raya. Sista Rabi, ki yi mini bayani, ba gardama nake yi ba, jikata ce za ta haihu ita ma.

Sista Rabi:
Mama, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Wannan tsoron ba ku kaɗai ba ne. Shekaru da dama likitocin Turai da Amurka da kansu suke cewa a kwantar da jarirai ruf da ciki, saboda wannan dalili naku. Sai da bincike ya nuna yaran da aka kifa su suka fi mutuwa a barci, sannan aka juya. Ingila ta fara gangamin kwanciyar rigingine a 1991, Amurka a 1994, kuma a ƙasashen biyu mutuwar fuju'a ta ragu da fiye da rabi. Mutuwa ta hanyar ƙwarewa da tumbiɗi kuwa, wadda ake tsoro, ba ta ƙaru ba.

Ga dalili, Mama. Ku taɓa wuyanku ta gaba. Abin nan mai tauri da kuka ji, hanyar iska ce. Hanyar abinci tana bayanta. In jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, don haka nonon da ya taso a ƙasa zai taru, ya haɗiye abinsa ko ya juya kai ya zubar ta gefen baki. In aka kifa shi an juya tsarin, abin da ya dawo a bakin hanyar iska zai taru.

Kwanciyar gefe kuwa ba ta da tabbas. Ɗan motsi kaɗan sai ya kife, alhali bai iya komawa ba, kuma zanin da aka tokare shi da shi, shi fuskarsa za ta tarar. Har matokaran soso da ake sayarwa don wannan aiki, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu tun 2010 bayan an rasa yara. Naku bakwai Allah Ya kiyaye, kuma mafi yawan yara ma haka suke tsallakewa. Sai an tara yara dubbai ake ganin bambancin, uwa ɗaya ba za ta gan shi a ɗakinta ba. Watannin da aka fi jin tsoro su ne daga na ɗaya zuwa na huɗu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan mutuwa kafin wata 6 take faruwa.

Hajiya Babba:
To, bayanin maƙogwaro ya shige ni, na taɓa na ji. Amma ƙeya fa 'yata? Yaron da kullum yana kan ƙeya ai bajewa take yi, na sha gani. Filo ko ɗan siriri ba za a sa ba?

Maman Hanif:
Hajiya, wannan ya same ni da 'yata ta biyu. Tunda kullum ni take kallo, gefe ɗaya na kanta ya fara kwanciya. Aka ce in riƙa juya ta, yau kai a wannan ƙarshen gadon, gobe a wancan, sai ta riƙa waigowa ta ɗaya ɓangaren don ta gan ni. Da rana kuma in tana farke ina zaune a wurin, in kifa ta na 'yan mintoci ta riƙa ɗaga kai. Ya gyaru ba tare da filo ba.

Sista Rabi:
Haka ne. Filo babu shi sam a shekarar farko ta jariri, Mama, ko na gyaran kai da ake talla. Katifa da zanin gado mai roba wanda ya kama ta tsam, shi ke nan abin da ke cikin gadon. Ba 'yar tsana, ba soson da ake zagaye gefe da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Ni a nan nake da tambaya. Nawa yana da wurin daidaita tsayi a kowace ƙafa, ana iya ɗaga ɓangaren kai sama da na ƙafa. Ɗaya daga cikin yarana tumbiɗi gare shi kamar me, duk shan da ya yi sai ya dawo da wani abu, har ta hanci. Sai na ɗaga kan da hawa biyu, kuma ni dai na ga kamar ya fi samun barci. In kuskure ne a faɗa mini, wata biyu gare su.

Sista Rabi:
'Yar'uwa, sannu da hidimar biyu, Allah Ya ba ki lada. Ki mayar da shi daidai yau ɗin nan.

Jaririn da aka kishingiɗar, kansa yana rinjayowa gaba, haɓa ta sauka a ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe kamar tiyon ruwa da aka taka. Ko kuma ya zame ya dunƙule a ƙasan gadon. Gangara kuma tana sauƙaƙa masa kifewa tun bai isa ba. An ga wannan da idon duniya. Kamfanin Fisher-Price yana da wata kujerar barci mai kishingiɗa, Rock 'n Play, iyaye suna sonta don yara suna barci a ciki sosai. A watan Afrilun 2019 aka janye kusan miliyan 4.7 daga kasuwa bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30, zuwa farkon 2023 adadin ya kai kusan 100. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta haramta sayar da makwancin jarirai da karkatarsa ta wuce digiri 10, tare da soson zagaye gado.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗaga kan ma ba ya rage tumbiɗin. Abin da ke taimakawa: ki ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ki sa shi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye a kafaɗa kamar minti 20 zuwa 30 kina farke, sannan ki shimfiɗe shi. In aman yana feshi da ƙarfi, ko kore ne, ko da jini, ko yaron ba ya ƙara nauyi, wannan ya wuce tumbiɗi, a kai shi asibiti.

Maman 'Yan Biyu:
Na ji Sista, amma in haɗari ne me ya sa kamfani ya yi wurin? Ba su suka gwada abinsu ba? Karkatar tawa ma ba ta kai ta kujerar da kika faɗa ba.

Sista Rabi:
Gaskiya ne ba ta kai ba, waccan wajen digiri 30 ce, kuma ba kowace ƙasa ce dokarta ɗaya da ta Amurka ba. Amma abin da ba ya magani kuma yana da haɗari ko yaya, ni ban ga dalilin ɗaukarsa ba. In likitan da ya duba yaronki da idonsa ne ya ce a ɗaga, wannan daban.

Baban Amira:
Ƙari a kan haka, gadon manya a miƙe yake. Da zarar an ɗaga ƙafa ɗaya, shingen ya daina tafiya daidai da katifarku, wani ƙarshen ya haura sama ya zama bakin nan da Sista ta yi magana a kai.

Ummu Sultan:
Ku yi haƙuri, ni fa ban ga amfanin wahalar nan duka ba. Igiya, awo, shinge, gwaji kowane dare. Yarana uku a jikina suka kwana, in sun motsa in ba su nono ko tashi ban yi ba. An ba ni irin gadon nan, kayan wanki na ƙare da zubawa a ciki, don yaron da an ajiye shi sai kuka. Ku faɗi gaskiya, mata nawa ne a nan yaransu ke kwana a gadon har safe? Ana ta tsorata masu haihuwar fari.

Sista Rabi:
Ummu Sultan, ba ki faɗi ƙarya ba, iyaye da yawa suna ƙarewa da yaro a gadonsu ko ba su yi niyya ba, kuma shayarwa kanta tana rage haɗarin mutuwar fuju'a. Masana ma ba bakinsu ɗaya ba. Likitocin yara na Amurka sun ce kada a haɗa shimfiɗa ko ta halin ƙaƙa. A Ingila kuwa sun fi karkata ga a faɗa wa iyaye yadda za su rage haɗarin tunda za su yi. Amma akwai inda duka suka haɗu: ba a kwana gado ɗaya da jariri in ɗaya daga cikin iyayen yana shan taba, ko ya sha giya, ko maganin da ke sa barci, ko in yaron bakwaini ne da aka haifa kafin mako 37, ko bai kai kilo 2.5 ba.

Ki dubi Sadiya. Tiyata za a yi mata, za ta dawo gida da magungunan ciwo, ga rashin barci, ga juyi da ƙyar. Ita ce ainihin wadda aka yi gadon nan dominta. Yaro yana nesa da hannunta da taƙi ɗaya, tana jin numfashinsa, amma bargonta da filonta da nauyin jikinta ba sa kansa. Ba tsoratarwa ba ce, mintin da za a ɓata wurin jan igiya bai kai na ɗaura zani ba.

Hajiya Babba:
A nan ni zan goyi bayan Sista. Abin da na fi tsoro ga mai jego ba gado ba ne, gyangyaɗi ne. Na taɓa shiga ɗakin 'yata cikin dare na tarar ta tashi ta koma kan doguwar kujera wai don kada barci ya ɗauke ta a gado. Barcin ya ɗauke ta a zaune, nono a bakin yaro, ya zame ya shige tsakanin cinyarta da hannun kujera. Allah ne Ya kai ni. Sannan ku masu yara ƙanana, ku lura da yayye. Ɗan shekara biyu zai kawo wa ƙaninsa filo ko bargo don ƙauna, ko ya kama gefen gadon ya yi lilo.

Sista Rabi:
Mama kun taɓo babba. Kujera ta fi ko'ina haɗari, ƙungiyar Lullaby Trust ta Ingila, mai faɗakarwa kan barcin jarirai, ta ce barci da jariri a kanta na iya ninka haɗarin har sau 50. In kin ji barci zai rinjaye ki, gara ki shayar a gado, ki kawar da filo da bargo daga kusa da shi, kina farkawa ki mayar da shi nasa.

Ummu Sultan:
Ta kujera kam na yarda. Sauran dai kowa da yadda Allah Ya hore masa, amma ga mai tiyata ban musa ba.

Bilki:
Sista, in ba bargo to da me za a rufe shi? Gidan sauro kuma fa?

Sista Rabi:
Rigar barci mai zif wadda ta yi masa daidai a wuya ta fi. In dole sai mayafi, mara nauyi: ƙafafun yaro su taɓa ƙarshen gadon, a soke mayafin ƙarƙashin katifa, kada ya haura hammata. Amurkawa ma cewa suke yi kada a sa mayafi sam. Ba hula a cikin barci, ta kai yake fitar da zafi. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi ki rage kaya. Tafin hannu da ƙafa sanyi gare su dama, kada su ruɗe ki. Naki bargon ki soke shi ta ɓangaren yaron don kada ya zubo masa. Gidan sauro a ɗame shi, kada ya yi lilo ya sauka a fuskarsa, kuma wanda zai rufe gadajen biyu ya fi sauƙi in an jingina. Igiyar labule da wayar caja a nisanta su.

Maman Hanif:
Kada a manta gadon nan na ɗan lokaci ne. Yawancinsu wata 6 ne ko kilo 9, amma yaro ne ma'auni ba kalanda ba. Ranar da ya fara juyi, a daina naɗe masa hannuwa, a ɗaga gefen. Ranar da ya fara dafa hannu yana ɗago jiki ko yana ƙoƙarin zama, ya bar gadon ke nan, don ba shi da zurfi. Ta biyuna wata biyar ba ta cika ba muka naɗe shi. In kun yi tafiya da shi kuma, duk makulli sai kin ji ya ce ƙas, ki danna ƙasan da hannu kafin ki sa yaro, ki taka birkin tayoyi. A gidan mutane ni ba na jinginawa, gefe huɗu nake ɗagawa, don ban san gadonsu ba. Kuma ba a tura shi da yaro a ciki.

Sadiya:
Iyayena, na dawo. Allah Ya saka wa kowa da alheri, ban san yawan abin da ban sani ba sai yau.

Mun kifa gadon mun ga takardar, mun samu littafin a intanet, ba ya cikin waɗanda aka janye, kuma ana samun bel ɗinsa. Har na yi murna. Sai maigida ya ce mu gwada jinginawa tukuna. Ashe gadonmu yana da katako da ya fito ta gefe ya wuce katifa. Ɗan gadon yana zuwa sai ya daki katakon ya tsaya. Na sa abin awo, santimita 5 tsakaninsa da katifarmu, hannuna ya shige har wuyan hannu. Maigida ya kwanta a bakin kamar yadda Baban Amira ya ce, ratar ta ƙara buɗewa. Ko an kawo bel ɗin babu abin da zai ja, katako ne ya tokare. Littafin ma ya zana irin gadonmu ya sa masa alamar hani.

Mun yanke shawara gefe huɗu a ɗage. Makullan duka suna cewa ƙas. Damuwata ɗaya, yaya zan riƙa ɗauko shi ta saman gefen da ɗinki a cikina?

Sista Rabi:
Madalla da wannan awo. Kwanakin farko ba ke za ki ɗauko ba, maigida ko wadda ke kwana da ke ta miƙo miki, in kin gama ta mayar. In kin fara warwarewa, ki mirgina ta gefe, ki sauko da ƙafafu, ki zauna sosai, sannan ki ɗauko shi kusa da jikinki, kada ki miƙa hannu daga kwance kina murɗa ciki. Ki ɗaga gadon zuwa hawan da ba sai kin sunkuya da yawa ba, ƙafafun biyu a lamba ɗaya.

Baban Amira:
Wurin sayen katifa, cikin gadon za ku auna, ba tsohuwar katifar ba, don soso yana motsewa. Kaurinta kuma kada ya wuce abin da littafin ya rubuta, in ta yi tudu zurfin gadon ya ragu. In an saka, yatsu biyu kada su shiga tsakaninta da gefe.

Sadiya:
Na auna yanzu. Cikin gadon tsawo santimita 83, faɗi 50. Tsohuwar katifar 81 da 48 ce, a kusurwa ɗaya ma yatsuna uku sun shige. Na cire ta na ajiye a waje. Yayar maigida ta kira ɗazu, na karanta mata labarin Maman Hanif, ta yi shiru, sannan ta ce in turo mata lambar samfurin, ita za ta nemo sabuwar katifar.